Ranar da Inna Ta Ce Ba Nata Ba Ne

Da ana iya mayar da dariya ciki, da na mayar da wadda na yi wa mahaifiyata a tsakar gidanmu.

Mu Fulanin gida ne, a wani ƙauye kusa da Aujara. A wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa ido da ido. In an ce mata ga ɗanki, sai ta kau da kai ta ce ba nata ba ne. Kunya ce, kuma ana yabon mai ita. Haka na taso ina ganin Inna da Yayana, har ya tafi ci-rani Kurmi ina ɗan yaro, bai sake dawowa ba. Saniyar da aka ba shi ranar suna Inna ta ci gaba da kiwonta, saniyar ta haihu, 'ya'yanta suka haihu. Ko shekarar da gero ya ƙi, muka koma cin tafasa, ba ta yarda an sayar da ko maraƙi ba.

Da Dutse ta zama babban birnin jiha na tafi leburanci. A unguwar Takur akwai mai shayi da ke kunna talabijin, muna kallon wasan kwaikwayo: ɗan damfara ya sha babbar riga yana yi wa ƙauyawa wayo. Mu yi ta ƙyaƙyata wautarsu. A ganina idona ya buɗe.

A teburin nan wani mutum ya riƙa saya mini shayi yana jana da hira. Da bakina na ba shi labarin Yaya, har tabon ƙaho da ke goshinsa, har shanun. Bayan kaka sai ga shi da wani dogo mai tabo a goshi, wai a Kurmi ya gano mana shi. Ni na kai dogon gida da kaina.

Inna tana dama fura ya yi sallama. Ta tsaya cak, kanta a sunkuye.

"Wannan ba nawa ba ne," ta ce.

Gida ya ɗauki dariya, tawa ta fi ta kowa. Baffa, ƙanin mahaifinmu da ke riƙe da gidan, ya ce, "Kai, kunyar ɗan fari har da furfura!"

Inna ta ja ni bayan rumbu. "Auta, ka dubi Allah. Ba kunya nake yi ba. Ban kalli fuskarsa ba, amma da kunne na raine shi. Ba muryarsa ba ce."

Na ce, "Inna, shekaru ne. Mu da muka shiga birni ai mun san 'yan damfara."

Washegari ta durƙusa gaban Baffa a bainar jama'a, ta faɗi sunan Yaya, sunan da bai taɓa fita daga bakinta ba. Ta maimaita tana kuka, ta ce a tambayi baƙon nan wace ce ta goye shi. Mata suka rufe baki. Aka ce murna ce ta taɓa mata kai. Ba wanda ya tambaye shi.

Ranar kasuwa baƙon ya kora shanun, wai tunda nasa ne. Na taya shi har bakin hanya. Daga ranar bai sake dawowa ba. Na yi ta zarya tsakanin Dutse da Kafin Hausa ina cigiya, ko mutumin da ke saya mini shayin ban sake gani ba.

Inna ba ta taɓa yi mini gori ba har ta rasu. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Yanzu jikokina ta waya ake yaudararsu, suna ganin sabon abu ne. Ina roƙonku, in tsohuwarku ta keta al'adarta don ta faɗa muku magana, ku bar abin da kuke yi ku saurare ta.