Allon Farashi a Rumfar Aminin Babana

A shekarun farko na mulkin kai ina aiki a biron kula da farashi a Yamai. Aikin ba wuya, sai cin rai. Gwamnati ta yanka wa sukari da sabulu da atamfa farashi, ta ce kowane ɗan kasuwa ya rubuta a allo ya rataya. Mu kuma kullum muna zagaye Babbar Kasuwa da littafi a hammata, ana amsa gaisuwarmu ciki-ciki.

Manyan kamfanonin da ke shigo da kayan kuwa, ko ƙofarsu ba mu taɓa leƙawa ba, alhali bakinsu ɗaya, yadda suka ga dama suke sayarwa. Ƙarfinmu a kan masu rumfa yake ƙarewa.

Cikinsu akwai wani dattijo ɗan Maraɗi mai atamfa, aminin babana. A zaurensa na sauka da na zo garin, na ci tuwon gidansa wata huɗu. Ya rataya allon, amma bai iya sayar da turmi ba ciniki ba. Sai ya yi kuɗi sama, mai saye ta taya, ya ce albarka, a tambayi lafiyar yara, a ja, har a sauka ƙasa da abin da ke allon. Na sha yi masa magana. Yakan ce, "Ɗana, in na ce mata ga kuɗinsa, ɗauki ko bari, ai korarta na yi."

Wata Laraba shugabana ya biyo ni zagaye. Muna isa rumfar, dattijon na faɗa wa wata Bazabarma kuɗin farko. Shugaba ya dubi allo, ya ce, "Rubuta. A karɓe patantinsa." Ba wannan takardar izinin kasuwanci, ba rumfa.

Na ce, "Shugaba, yanzu suka fara. Mu dakata mu ji inda za su tsaya."

Ya ce doka ba ta san ciniki ba, abin da baki ya faɗa ta sani.

Matata na da ciki, aikin kuma da ƙyar na same shi. Na rubuta. Har yau ina jin kunyar yadda rubutun ya fita tsaf.

Dattijon ya laluba aljihu, ya miƙo mini takardar da hannu biyu. Da shugaba ya yi gaba, sai ya riƙo hannun rigata, ya rage murya.

"Jibi zan koma Maraɗi. Zan ce wa babanka ƙafa ce ta dame ni. In ka rubuta masa wasiƙa, kai ma haka za ka ce."