Ranar da Hijabina Ya Kama Yatsan Inji

Bara ina ajin ƙarshe a wata makarantar koyon sana'a a Dogon Dutsi, kuma ni yarinya ce da ba a cika jin muryarta ba. Malaminmu, da muke ce wa Mushe, har tsokanata yake yi, wai ranar da na ɗaga hannu a aji za a yi ruwa da rani. Mu biyu ne mata a sashen ƙarfe, ni da ƙawata ƴar Dumega, wadda surutunta ya ishe mu mu biyun.

A atiliye, ɗakin da muke aikin hannu, akwai injin CNC, mai sassaƙa ƙarfe da umarnin kwamfuta. Kafin ya yanka, yakan laluba ƙarfen da wani siririn tsinke da muke ce wa yatsa, mai ƴar ƙwaya ja a baki kamar dutsen wuya. Yakan sauko a hankali, ya taɓa, ya ja da baya, kamar mai tada jariri daga barci. Nakan shagala da kallonsa har in ga ƙwayar ta zama rana tana faɗawa bayan dutsen garinmu. Ƙawata takan zungure ni, wai in sonsa nake yi in faɗa, a kai goro.

Mushe ya koya mana cewa gwaji biyu ake yi wa yatsa. A sa shi ya auna cikin wani zoben ƙarfe da aka san faɗinsa. Sannan a jingina masa agogon awo a juya shi. In allurar ta motsa, ya karkace.

Ana gobe jarrabawa, sharar atiliye ta faɗo kaina, kamar kullum. A gidanmu ba a barin ƙura a kan abin da ake so. Na sunkuya in goge ƙwayar da bakin hijabina, zare ya sarƙe, na fizga. Na ji wani ɗan ƙas, ƙarami ƙwarai. Na duba, ido bai ga komai ba.

Da safe kuran, wato wutar lantarki, yana ta kaiwa da komowa. Mushe ya yi gwajin zobe, faɗi ya fito daidai. Ya ɗauki agogon, ya dubi fitila tana lumshewa, ya tambaya ko wani ya taɓa yatsan. Samari suka rantse. Ni kuwa harshena ya yi nauyi, ina kallon ƙwayar kamar a mafarki, har ya mayar da agogon akwati bai yi gwaji na biyu ba, don a fara kafin kuran ya ɗauke. Ƙawata ce ta farko a kan injin, aikin kuwa huda rami ne a tsakiyar ƙarfe. Raminta ya fito sumul, amma ya goce daga tsakiya, ƙusa ta ƙi shiga. Mushe ya ce ita ta ɗaure ƙarfen a karkace. Sai kuran ya ɗauke gaba ɗaya. Mu sauran aka mayar da mu tsohon injin hannu, muka ci, ita kuwa ta faɗi.

Sai bayan sakamako ya fito na iya faɗa wa Mushe. Ya jingina agogon ya juya, allura ta yi ta lilo. Bai yi faɗa ba, ya ce dai yau ga ruwa da rani, amma shuka ta riga ta bushe. Baban ƙawata ya ƙi ta maimaita aji. Yanzu tana Dumega, kuma har yau takan aiko mini da gaisuwa, tana tambayar angona injin.

Na ɗauka shiru ladabi ne, ashe wani shirun a kan wani yake faɗawa. Ƴan'uwana masu kunya, in an yi tambaya kuma amsar tana bakinku, ku faɗa ko da murya na rawa. Ni har yanzu ban amsa gaisuwarta ba.