Kukar da Ta Kai Malam Caji Ofis

Maigidana mutum ne da ko kazar maƙwabta ba ya iya kora da ƙarfi. To wai shi ne aka hana aiki a Alƙahira saboda binciken tsaro! Duk wanda na ba labarin sai ya yi dariya. Ni ma ina yi, amma ba har ciki ba.

Muna zaune a unguwar Abbasiya a lokacin, hawa na huɗu. Malam ya kusa kammala digirinsa na biyu, tallafin karatu kuma ya ƙare. Sai wani asibitin kuɗi ya nemi tafinta saboda 'yan uwanmu masu zuwa jinya. In ya samu aikin, za a sabunta mana iƙama, wato izinin zama, ya ƙarasa kundinsa. In bai samu ba, sai gida.

Ya dawo da fom, ya zauna yana cikewa a natse kamar mai rubutun allo. Can sai alƙalami ya tsaya. An tambaya ko 'yan sanda sun taɓa tsare shi.

Sun taɓa, kuma ni ce sila. Shekara biyu kafin nan innata ta aiko mini da kuka da daddawa, na tura shi unguwar Darrasa ya karɓo. A tashar jirgin metro 'yan sanda suka buɗe jakar, aka ga koren gari a ƙulle cikin leda, ga warin daddawa ya tashi. Malam da Larabcinsa na littafi ya shiga bayanin itacen kuka tun daga saiwa. Kafin ya kai ganye an kai shi caji ofis. Da suka gane kayan miya ne suka rubuta sunansa, suka ce ma'alish, wato ya yi haƙuri, suka sallame shi. Har ma shi ya ja su sallar La'asar.

"Haba Malam," na ce, "kuka ce fa! Ka rubuta a'a, kada ka ɓata wa kanka takarda."

"An dai tsare ni."

"Wuni ɗaya? Ko kwana ba ka yi ba. Don Allah rubuta mu wuce wurin."

Ya dube ni, ya dubi fom ɗin, ya rubuta a'a.

Abin da na manta shi ne, a Alƙahira mai bincike maigadin bene yake fara tambaya. Namu wani dattijo ne ɗan ƙauye, muna ce masa Ammu, yana son Malam kamar ɗansa. Da mai binciken ya zo, Ammu ya shimfiɗa masa tabarma, ya kawo shayi, ya shiga yabo. Ya ce ai wannan shehi, ranar da 'yan sanda suka kama shi ma, shi ya yi musu limanci!

Bayan mako uku asibitin ya kira Malam. Jami'in ya ce maganar garin miya ba komai ba ce, shi kansa ta ba shi dariya. Da ya rubuta e ya yi bayani, da tuni ya fara aiki. Amma ba sa damƙa sirrin majinyata ga wanda ya ɓoye abu a fom. Khalas, shi ke nan.

Ranar da za mu tafi, Ammu ne ya sauko da akwatunanmu yana share hawaye. Ya riƙe hannun Malam ya ce, "Wallahi ya shehi, duk alherinka na faɗa musu, ban rage komai ba." Malam ya rungume shi ya ce ya sani, Allah ya saka da alheri. Ni kuwa kunya ta hana ni ɗaga kai.

Yanzu yana koyarwa a wata Islamiyya a unguwarmu. Kundin nan yana cikin kwali a kan durowa, saura babi ɗaya. Bai taɓa ce mini ke kika ja ba, ko da wasa. In na yi miyar kuka ya ci har ya nemi ƙari. Ni ce dai har yau ba ta wuce mini a maƙogwaro.