Sabuwar Tukunya Don Gidan Baba Mohan

Ranar Talata da hantsi ina tsintar shinkafa a tsakar gida, maƙwabciyata Hajiya Zuwaira ta faɗo ko sallama babu, mayafinta a hannu. Ta ce, "Rabi, sai haƙuri. Baba Mohan ya cika a asibiti ɗazun nan." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san ya kwana biyu yana jinya, na kuma san shekaru sun ja, amma wallahi ban yi zaton abin ya zo kusa haka ba. Na ajiye shinkafar na zauna a kan turmi.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Mohan Ba'indiye ne, mabiyin addinin Hindu, mai shagon atamfa a Titin Koudoukou. Ya zo Bangui yana saurayi, ya tsufa a unguwarmu ta Kilomita Biyar, Hausarsa da Sango ɗinsa, yaren ƙasar nan, sun fi na jikokina daɗin ji. Abokin mahaifina ne. Da mijina ya rasu ya bar ni da yara huɗu, shi ya aiko a kira ni, ya miƙo mini almakashi ya ce in tsaya a gefensa in koyi yankan yadi. Shekara ashirin da biyu muka yi a shagon nan. Ya bar matarsa, Mama Lila, tsohuwa mai ƙaramin jiki, da ɗa guda da ke can ƙasarsu. A kanta ne na kusa cin amanarsa bayan ya tafi, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan.

A al'adarsu, idan an yi rasuwa ba a hura wuta a gidan mamaci. Maƙwabta da 'yan uwa ne ke kawo abinci, kamar dai yadda muke yi. To amma Mama Lila ba ta da wata 'yar ƙasarsu a unguwar nan. Wasu samari uku masu aiki a kantunan cikin gari suka zo, suka kai gawar bayan gari, suka yi masa abin da addininsu ya tanada, wato ƙonawa. Suka ajiye mata ayaba da lemo suka koma bakin aikinsu. Matansu suna can Indiya, ɗan marigayin kuma yana neman hanyar zuwa. Cin tsohuwar nan ya rataya a wuyanmu, mu matan unguwa.

Da ba haka gidan yake ba. Ina yarinya, duk Lahadi da safe sai ka ga takalma jere a ƙofarsu. Iyalai ne na 'yan ƙasarsu suke taruwa a ɗakin baya, inda akwai 'yar fitilar mai da furanni da turaren tsinke. Su yi waƙoƙinsu da 'yar ƙararrawa, Baba Mohan ya buɗe littafi ya karanta ya yi musu bayani, sannan kowa ya rufe ido a yi tsit. Shirun nan ne yake ba mu mamaki, har mukan leƙa ta taga mu ga ko barci suka yi. In sun tashi Mama Lila ta fito da wata alawar madara ta raba mana. Har yau in na ji ƙamshin turaren tsinke sai in ji kamar ina tsaye a bakin tagar nan.

Sai da na fara aiki da shi na tambaye shi abin da suke karantawa. Ya ce sunansa Wedanta. Ya jawo bandir biyu na atamfa, ɗaya mai ganye ɗaya mai tsuntsaye, ya zaro zare daga bakin kowanne ya ɗora mini a tafin hannu. Ya ce, "Rabi, zane dubu ne, zare ɗaya. Abin da yake raye a cikina shi ne yake raye a cikinki, da cikin mai moton can da ke zagin mutane. Mu dai zanen muke kallo shi ya sa muke faɗa." Na ce, "A'a Baba, nan kam mun rabu. A wurinmu Mahalicci daban, abin da Ya halitta daban." Ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce, "To riƙe naki da kyau, kada ki sake shi don kin ji tsoho na surutu." Mun yi wannan muhawara ya fi a ƙirga. Bai taɓa ce mini in bar addinina ba, ni ma ban taɓa fasa gaya masa gaskiyar abin da na yi imani da shi ba.

Abin da yake faɗa shi yake aikatawa. Da an kira salla a Masallacin Koudoukou zai kashe rediyo, ya ɗauko buta da tabarmar da ya saya musamman domina, ya fita ya tsaya bakin ƙofa har in idar. Da azumi ban taɓa ganin ya kai kofi bakinsa a gabana ba. Kyankyaso in ya shigo shago, ba ya bari a taka, sai ya bi shi da kwali ya kai waje, ni kuwa in yi ta mita ina cewa gobe ma zai dawo da danginsa. Wata rana na yi wa wata mata tsawa don ta sa na sauke kaya da yawa kuma da ganinta ba saya za ta yi ba. Da ta fita ya ce, "In za ki auna wa mutum yadi, fuskarsa za ki duba. Takalminsa ba ruwanki da shi." Na ji kunya ranar ƙwarai.

Da shekarun tashin hankali suka zo, 'yan ƙasarsu suka kwashe ɗaya bayan ɗaya. Ɗansa ya yi masa roƙon duniya ya koma gida, Baba ya ƙi. Na tambaye shi ko ba ya tsoro, ya ce, "Ina ji mana. Amma tsoro baƙo ne, ruwa ake ba shi, ba a ba shi ɗaki." Taron Lahadi ya koma shi da Mama Lila su biyu. Duk da haka yakan karanta da ƙarfi ya yi bayani, ita kuma ta saurara kamar ɗakin cike yake.

To, ranar da ya rasu matan unguwa suka nuna halin girma. Hajiya Zuwaira ta aika farfesun kan saniya, wata ta aika dambun nama, wata shinkafa da kaza. A wurinmu ai abin kunya ne ka aika gidan makoki da miya ba tsoka, sai a ce ka raina mamacin. Ni kuwa da nake ganin na fi kowa saninsu, na ce ai ba sa cin nama. Sai na yi miyata yadda na saba, na tsame naman tas, na zuba romon a kan tuwo na kai. Shekara ashirin da biyu ina ganinsa yana buɗe ɗan kwanon abincinsa, ban taɓa tambayar me ke ciki ba. Duk wadda ta kawo, Mama Lila ta haɗa tafukan hannunta ta ce, "Singila, na gode."

Ranar kwana uku na je da safe, na tarar tana son tashi daga tabarma jiri na ɗibarta. Na shiga madafa in ɗebo mata ruwa, sai ga kwanukanmu jere a bayan ƙofa, ko murfi ba a ɗaga ba, har da nawa. Na dawo na durƙusa na ce, "Mama, me kika ci tun Talata?" Ta nuna mini ɓawon ayaba biyu. Na ce, "Haba Mama! Ai na cire naman." Ta kama hannuna ta ce, "'Yata, naman ya fita, ruwansa yana ciki. Kwanakin nan ko albasa da tafarnuwa ba ma ci, kuma tukunyar da ta san nama ba a dafa mana a ciki." Na ce to don me ba ta faɗa ba. Ta ce, "Mutum ya kawo maka alheri a kan kansa, ka ce masa bai iya ba? Da Baba yana nan ba zai yarda ba."

Na fita ina kuka a titi, babba da ni. Na tare moto, wato babur ɗin haya, na nufi kasuwa, na sayi sabuwar tukunya da sabon ludayi da sabuwar wuƙa. Na sayi ganyen rogo, wanda muke kira ngunza a nan, da gyada da tumatir da shinkafa. Ina cikin girki Hajiya Zuwaira ta leƙo ta ce, "Rabi, wannan miya ce ko jiƙon magani? Ba albasa, ba magi, ko ƙashi babu? Ki bari in jefa ɗan kifi, wa zai sani?" Na ce, "Ni zan sani, Hajiya. Ki matsa mini." Da na gaya mata tsohuwar ta kwana biyu a kan ayaba, sai ta zauna ta karɓi dakan gyadar.

Na kai abincin da azahar. Mama Lila ta buɗe, ta sunsuna, ta dube ni. Na ce, "Komai sabo ne, Mama, har ludayin." Ta ɗebi kaɗan a ganye ta kai bayan gida ta ajiye wa tsuntsaye, ta ce rabon mai tafiya ke nan. Sannan ta dawo ta zauna ta kai loma ɗaya. Ina tsugune ina kallon bakinta. Ta tauna ta haɗiye, ta ce, "Rabi, gishirinki ya yi yawa." Ta sake kai hannu. Muka yi dariya, dariyar ta zama kuka, tana ci tana share hawaye har ta cinye kwanon.

Kwana goma sha uku suke zaman makokinsu. Yau kwana tara. Tukunyar nan tana yawo gida-gida a unguwarmu, kowace mace da ranarta, kuma Hajiya Zuwaira ce ke tsayawa a kan mai girki kada hannu ya kai ga albasa bisa sabo.

Baba Mohan, ban san addu'ar da mutanenka ke yi wa wanda ya tafi ba, kuma ba ni ce mai hukunci ba. Na bar ka a hannun Wanda Ya halicce ka, Shi Ya fi ni sanin zuciyarka, rahamarSa kuma ta fi ƙarfin tunanina. Abin da na sani zan shaida: ka riƙe amanar maƙwabtaka, ka rufa wa marayuna asiri. Allah Ya ba Mama Lila haƙuri da lafiya, Ya kawo ɗanta lafiya ya same ta da ƙarfinta. Allah Ya zaunar da unguwarmu lafiya, Ya jiƙan iyayenmu, Ya sa mu cika da imani. Ka yafe mini kwana biyun nan da na bar matarka da yunwa. Muddin ina numfashi a Kilomita Biyar, ba za ta sake kwana haka ba.