Katakon Zakiru

Zakiru mutumin Yawuri ne, ɗan masunta gaba da baya, amma neman abinci ya jefa shi shagon kafinta a unguwar Uhudu ta Madina, inda ba ya ganin ruwa sai na famfo. Burinsa ɗaya a duniya, ya sake jin kifi yana fizgar igiya a hannunsa.

Maƙwabcinsa Muhyiddeen, direba ɗan Sudan wanda ko iyo bai iya ba, shi Allah ya ba wannan rabon. Duk ƙarshen mako yana kai maigidansa Yanbu, su shiga jirgi su yi ta jan ƙugiya a Bahar Maliya. Katakon da suke ɗaura wa igiya kuwa Zakiru ne ya sassaƙa: guda biyu masu fiƙaƙƙen baki, ruwa ya tura ɗaya dama ɗaya hagu, ƙugiyoyi su yi nesa da ƙarar inji. Muhyiddeen ya dawo yana washe baki, yana nuna hotunan kifi a waya. Zakiru ya ce mashallah, ciki kuwa kamar ya haɗiyi barkono. Hassada ce tsagwaronta, ba wani suna da za a ba ta.

Da katakan suka tsufa aka ce ya yi sababbi, sai ya fiƙe su duka biyun ta ɓangare guda. Su je su kama, mu gani!

Ranar Alhamis Muhyiddeen ya leƙo shagon.

"Yalla ya akhi, taso ɗan'uwa, ɗauko takalmanka. Na daɗe ina roƙon maigida a tafi da kai, yau ya yarda. Na gaya masa duk Madina babu masunci irinka."

Zakiru ya leƙa waje. Katakan suna cikin mota, maigida yana zaune a gaba yana jira.

Da aka shiga teku, ana sakin katakan a ruwa suka nufi hagu tare, suka haɗe, igiyoyi suka cukurkuɗe. Maigidan ya dubi Zakiru sama da ƙasa.

"Wannan ne masuncin naka? Khalas, shi ke nan, a bar shi wajen kujerunsa."

Zakiru ya wuni a tsugune yana warware igiya, bayansa ga teku. A hanyar dawowa Muhyiddeen sai ba shi haƙuri yake yi, wai wataƙila shi ne bai iya ɗaurawa ba.

Ba a sake zuwa da Zakiru Yanbu ba.