Man Goge Baki a Kan Ƙuna

Wata tsohuwa na zaune kusa da ni a bencin asibiti, bayanta ya rankwafa har ba ta ganin komai sai takalman mutane. Hannunta na dama ya yi fari fat da man goge baki. Butar shayi ce ta kuɓuce mata.

Nas na dubawa tana faɗa. "Haba, Inna! Ruwan famfo ake sakar wa ƙuna, minti ashirin, ba wannan ba."

"'Yar nan, famfon ya yi mini tsawo yanzu."

"Ba kowa a gidan?"

Tsohuwar ta gyara mayafi da hannu ɗaya. Ina jin ta goya 'ya'ya da yawa a bayan nan. Ko ɗaya bai rako ta ba.