Ajiyar Gwaggo Mai Tafireta

Shekara talatin da biyu Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta yi tana buga tafireta a ofis. Har yau idan ta zauna gaban kwamfuta dukan madannan take yi kamar sun yi mata laifi. Da ta yi ritaya sai ta buɗe ɗan shago a ƙofar gida, tebur ɗaya, kujera biyu, da firinta mai tari. A nan take buga wa mutane takardun neman aiki, tana gyara musu rubutu ko ba su roƙa ba.

Amma babban aikinta daban ne. Shekara biyu yayansu, Baba Babba, yana zuwa shagon da yamma yana ba da tarihin gidanmu, ita tana bugawa. Shafi ɗari biyu da bakwai suka yi kafin Allah ya yi masa rasuwa. Bayan shi babu wanda ya san waɗannan labarai, kuma duk suna cikin tsohuwar kwamfuta guda.

Ni ne masanin kwamfuta na dangi, saboda na taɓa gyara wa wani waya. Na ce zan sa mata manhajar da za ta riƙa kai fayilolinta gajimare da kanta, wato ma'ajiyar intanet.

"Gajimare? Injiniya, abin da iska ke korawa za ka ba ajiyar yayana? Wa ke gadinsa?"

Na yi bayani har bakina ya bushe. Ta ce in sa, amma ita ma tana da dabararta. Duk ƙarshen mako takan soka filashi, ta ja fayil ɗin ciki, ta ƙulle filashin a gefen mayafi.

Ranar da kofin shayi ya kife a kan kwamfutar ta mutu murus, ko a jikinmu. Ina taƙama da gajimarena, tana taƙama da mayafinta. Na buɗe nawa a waya, sai na tarar wurin ya cika tun wata goma sha huɗu da suka wuce da hotunan jikokinta. Shafi sittin kawai ya hau. Manhajar ta yi ta aiko da gargaɗi, ni kuwa ban taɓa leƙawa ba.

Gwaggo ta yi mini kallon tausayi, ta kwance mayafi. Muka soka filashin a kwamfutar maƙwabci. Fayil na nan da sunansa, da 'yar kibiya a gindinsa, amma ya ƙi buɗuwa. Ashe duk tsawon lokacin nan alamar da ke kan allo take kwafewa, wadda ke nuna hanya kawai. Ainihin rubutun bai taɓa barin kwamfutar ba.

Gwaggo ta zare filashin, ta koma shago ta zauna. Ni kuwa kunya da baƙin ciki suka rufe ni.

Muna nan zaune sai ga Gwaggo Ƙarama, autarsu, wadda ba ta yarda da kowa ba a duniya. Da ta ji labari ta juya gida, ta dawo da jakar leda cike da takardu. Ashe shafukan da Gwaggo ke fitarwa don duba kuskure ta jefa a kwando, ita take tsincewa. Ta bi kowane shafi da jan biro tana ƙaryata Baba Babba: "Ƙarya ne." "Ba a wannan ɗakin aka haife ni ba." "Akuyar tawa ce."

"Na ajiye ne in kafa masa hujja, Yaya," in ji ta, "sai ya riga ni tafiya."

Muka yi dariya har da hawaye.

Yanzu kwafi uku muke yi: filashi, gajimare da takarda, kuma duk wata sai Gwaggo ta sa na buɗe kowanne a gabanta ta ga shafin ƙarshe da idonta. Kwana tara Gwaggo ta yi tana sake buga tarihin daga takardun ledar nan a sabuwar kwamfuta, Gwaggo Ƙarama na zaune a gefe tana jiran a shigar da gyare-gyarenta. Ko ɗaya ba a shigar ba.

"Ai dai ki gyara maganar akuyar," in ji Gwaggo Ƙarama.

Gwaggo ba ta ɗaga kai daga madannai ba. "Yadda ya faɗa haka zan bar shi. Ba ya nan balle ya kare kansa."